YADDA AKE HAYE RANI A ƘASAR ƘARAYE DA ROGO

 

Da kwamitin mujalla ya nemi in rubuta wani abu a kan tarihin ƙasarmu ta Ƙaraye da Rogo, sai na ga labarin sarauta da yaƙi an sha ba da shi, amma akwai wani tarihin da ba a cika waiwaya ba, wato na itatuwa da dabbobi da tsuntsayen da muka taso muka tarar, da irin dabarar da Allah ya hore wa kowannensu ta zama a wannan ƙasa, da kuma abin da ya same su a ɗan zamanin da muka gani da idonmu.

Curin laka a cikin bokiti

'Yan ajinmu ba za su manta da ranar nan ta bazara ba, da malaminmu na Labarin Ƙasa, Allah ya gafarta masa, ya shigo aji da wani busasshen curin laka kamar tubali, naɗe a tsumman buhu, wanda ya sa aka haƙo masa a fadama. Ya sa monita ya ɗebo ruwa a bokiti, ya tsoma curin, ya ce kada kowa ya taɓa. Kashegari da muka dawo, sai ga gaiwa tana juyi a cikin ruwan. 'Yan birni suka watse, har wani yana rantsuwa wai tsafi ne, mu kuwa 'yan ƙauye me za mu yi in ba dariya ba.

Malam ya bari muka natsu, sa'an nan ya yi mana bayani. Idan ruwan fadama ya fara janyewa, gaiwa takan nutsa cikin taɓo, ta naɗe jikinta, ta fitar da wani yauƙi wanda zai bushe ya zame mata kamar kwasfa, ta bar 'yar ƙofa inda iska za ta riƙa shiga, domin ita tana da huhu, ba kamar sauran kifi ba. A haka za ta kwanta wata bakwai ko fiye, ba ci ba sha, sai naman jikinta da take narkarwa kaɗan-kaɗan. Ashe da Hausawa suke cewa gaiwa jikinta take ci, ba wasa suke yi ba. Daga nan ya ce mana, “Duk mai rai da kuka gani a ƙasar nan, ku tambaye shi yadda yake haye rani. In kun san wannan, kun san shi.” Wannan magana ita zan bi a cikin wannan ɗan rubutu.

Yadda ƙasar take

Ƙaraye da Rogo suna yamma maso kudu da birnin Kano. Rogo, wadda a da take cikin ƙasar Ƙaraye kafin a ba ta ƙaramar hukumarta, ta yi iyaka da Jihar Katsina da Jihar Kaduna. A 2019 aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya, aka rushe ta a watan Mayu na 2024, sa'an nan a watan Yuli na shekarar aka maido da ita mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin nan biyu a ƙarƙashinta. Ruwan sama yakan fara a wajejen Mayu ya ɗauke a Oktoba, kuma ya fi na birni da na arewacin jihar yawa, musamman in aka gangara wajen Rogo. Sauran watannin shekara kuwa, daga kaka zuwa hunturu zuwa bazara, ba a sa ran ko ɗigo.

Mazauni iri uku ne a ƙasar. Akwai tudu, inda ake gero da dawa da gyaɗa da wake, wanda yakan bushe ƙayau da zarar ruwa ya ɗauke. Akwai fadama da bakin kogi, musamman na Challawa da rafukan da ke zuba cikinsa, inda laka take riƙe danshi har cikin rani, ake rake da shinkafa da kayan lambu. Sai kuma daji, wato fako da marmara da sauran wuraren da garma ba ta shiga ba, inda ake kiwo da farauta da itacen girki. Kowane mazauni da nasa mazauna.

Dabarar itatuwa

A tudu, kuka ruwa take tarawa a cikin kututturenta mai taushi, ta zubar da ganye tun farkon rani don kada ya zuƙe mata abin da ta tara. Furenta da dare yake buɗewa, jemagu ne suke zuwa shan zaƙinsa, su ɗauki garin wannan fure su kai wa wancan, ta haka take yin 'ya'ya. Ɗorawa ma jemagu suna yi mata wannan hidima. Ke nan yaron da yake harbin jemage da danƙo, bai sani ba daddawar miyar gidansu yake ragewa.

Gawo shi kuma ya saɓa wa kowa. Da damina, sa'ad da kowane itace yake kore, shi a tuɓe yake, sai kaka ta yi ya fitar da ganye, ya kai har bazara da shi, domin saiwarsa ta nutsa ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa irin sinadarin nan da muke saye a buhun yuriya. Da rani shanu su sha inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi a gindinsa, ƙwayar da ta bi ta cikinsu kuma ta fi saurin tsiro. Shi ya sa dawar gindin gawo ta fi ta ko'ina a gona.

Kaɗanya, wadda ta fi yawa in aka yi kudu, ɓawonta mai kauri da tsatstsagewa shi ne sulkenta, wutar daji ta wuce ta bar ta a tsaye. Gamba kuwa takan bari wuta ta cinye samanta, gindinta yana nan da rai a ƙasa, ruwan farko ta toho. Sabara da kalgo ko sau nawa aka sassabe su sai sun dawo, domin ƙarfinsu a ƙasa yake. Aduwa da bagaruwa da farar ƙaya sun ƙanƙanta ganye don rage asarar ruwa, suka yi ƙaya don korar akuya. Giginya da kanya sun fi son inda danshi yake kusa, saboda haka tsofaffin masu haƙa rijiya sukan dubi itace kafin su sa diga.

Dabarar dabbobi da tsuntsaye

Su kuma dabbobi hanya uku suke bi. Akwai masu kwanciya, kamar gaiwa, da kwaɗin da suke binne kansu a ƙasa sai ruwan farko ya tashe su, da damo sarkin haƙuri, wanda yakan tara kitse da damina ya shige rami ya yi ta azumi. Akwai masu juriya, kamar tarwaɗa, wadda take iya shaƙar iska a ɗan taɓon da ya rage, har ta ja ciki da dare zuwa wani kududdufin, da kurege da gafiya masu ɓoye abinci a rami. Sai masu tafiya. Shamuwa daga kudancin Afirka take tasowa, ta iso mana gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a kan itatuwan cikin gari, ta ciyar da 'ya'yanta da fara, ta juya kafin rani. Manoma da ita suke gane lokacin gyaran gona, kuma ba mai jifanta. Da hunturu kuma wasu tsuntsayen sukan ƙetaro Hamadar Sahara daga Turai su sauka a fadamunmu, suna gudun sanyin can.

Mutum ma ba a bar shi a baya ba. Bafillace yakan gangara kudu da shanunsa da rani, lokacin da ƙudan tsando mai kawo sammore ya ja baya zuwa kurmi, ya dawo arewa da damina. Manomi kuma yakan haɗa gero mai saurin nuna da dawa mai jinkiri da wake a gona guda, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Har baƙin amfanin gona sun koyi zaman ƙasar. Masara da gyaɗa da rogo duk daga nahiyar Amurka aka kawo su Afirka, kuma rogo, wanda muka sha tsokanar 'yan Rogo da sunansa a ɗakin kwana, dabarar kuka yake yi, ya zubar da ganye ya ɓoye arzikinsa, sai dai shi a ƙasa yake ɓoyewa.

Daga zamanin kafi zuwa zamanin jirgin ƙasa

Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Muhammadu Zaki, wanda ya yi mulki daga 1582 zuwa 1618, ya koma Ƙaraye da zama saboda yaƙi da Katsinawa, kuma a can ya rasu. Bayansa Wambai Giwa ya zauna a garin da dawaki masu ɗimbin yawa. Wanda ya taɓa riƙe doki ko guda ɗaya ya san abin da wannan yake nufi: ƙasar tana da ciyawa da ruwa da hatsi, kuma tsando bai yi mata katutu ba, domin doki ba ya daɗewa inda tsando yake. Sunan gari kamar Kafin Dafga shi ma shaida ne, tun da kafi da itace ake yin sa, ba a kuwa kewaye gari da itace sai inda itacen yake da yawa.

A ƙarni na 19, da hare-haren Maraɗawa suka riƙa taɓa yammacin Kano, mutane sun tattaru a garuruwa masu ganuwa, suna noma kusa da gida. Dajin da ke tsakanin Kano da Katsina da Zazzau ya zauna ba mai sara, ya zama mafakar kura da gada da barewa da sauran namun daji. Tsoron da ya hana kakanninmu barci, shi ne ya tsare dajin.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, hare-hare suka ƙare, jama'a suka fita daga ganuwa suka bazu. Aka sa haraji da kuɗi, layin dogo ya iso Kano a 1911, kasuwar gyaɗa da ta auduga suka buɗe, kowa ya shiga saran sabuwar gona. Amma saran da iyayenmu suka yi ba na kan mai uwa da wabi ba ne. Sukan bar ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar gona, kowace da mai ita, har akan raba ɗorawa a gado. Manyan itatuwan da muke gani yau a gonakin Turawa da Yammedi da Zarewa da Beli, yawancinsu ragowar zaɓen waɗancan mutane ne. Namun daji kuwa ba su sami wannan gata ba, domin su daji suke bukata a dunƙule, ba itace ɗaya-ɗaya ba. A zamanin ne kuma aka shigo da darbejiya, 'yar asalin ƙasar Indiya, wadda aka fara dasawa a Barno a wajejen 1928, ta bi gari-gari saboda jimirin fari da ɗacin da ya hana akuya cin ta.

Shekarun fari

Kakanninmu sun ba mu labarin yunwar Kakalaba ta 1914. Mu kuwa mun ga farin 1973 da na 1984. Ƙasarmu ta fi arewa dama-dama, saboda haka muka ga baƙi daga arewacin jihar da ƙasar Nijar suna gangarowa da ragowar dabbobinsu. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, wadda ɗan ƙwaron nan darɓa yake yaɗawa, daga nan dalar gyaɗa ta Kano ba ta sake miƙewa ba. A 1983 cutar bushiya ta yi wa shanu ɓarna a arewacin Nijeriya, cutar da sai a 2011 aka ba da sanarwar kawar da ita daga duniya baki ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, a waɗannan shekaru itatuwan ƙasar ne suka riƙe mutane. Garin ɗorawa, da kuka, da 'ya'yan kanya da aduwa, da tafasa da yaɗiya, su aka ci aka kai ga wata daminar. 'Ya'yan gawo da ganyensa suka riƙe dabbobi. Fari ya kashe shuka, amma waɗannan da aka halitta da dabarar haye rani, yawancinsu a yankinmu sun tsallake.

Zuwan dam

Babban canjin da muka gani shi ne Dam ɗin Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, wanda aka gama a 1992. Yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900, shi ne na biyu a jihar bayan na Tiga da aka gama a 1974. Ya cinye gonaki da fadamu, ya tashi ƙauyuka, ya kuma samar da wani mazauni na huɗu, wato ruwan da ba ya ƙafewa. Karfasa da tarwaɗa suka sami wurin yaɗuwa, masunta suka zo daga nesa, noman rani ya samu. Amma ruwa mai kwanciya gidan sauro ne, kuma gidan 'yar katantanwar nan ce da take ɗauke da tsargiya.

Haka nan abin bai tsaya a kanmu ba. Ruwan Challawa yakan haɗu da na Kogin Kano, ya bi ta Wudil zuwa Haɗejiya da Nguru, ya nufi Tabkin Chadi. A da kogin yakan cika ya malala da damina, ya ƙafe da rani. Da Tiga da Challawa suka tare ambaliyar, suka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, sai kachala ta sami abin da take so, ta toshe hanyoyin ruwa a can, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, jan-baki kuma ya sami wurin kwana a cikinta, yana fita yana cin hatsin mutane. Rani ne yake kashe kachala a da. Ashe ranin da muke kuka da shi, yana da aikin da yake yi.

Abin da ya rage

Ƙidayar 2006 ta nuna mutum sama da 140,000 a Ƙaraye, da sama da 220,000 a Rogo, kuma kowa ya san an ƙaru nesa ba kusa ba. Barin gona ta huta ya zama labari, burtali ya ƙuntata, marke da ƙirya sun tafi a buhun gawayi. Ku tuna yadda ungulu take cika mahautar kasuwa muna yara, ku faɗa mini ran da kuka yi mata ganin ƙarshe. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa irin ungulun nan tamu cikin jerin waɗanda suke gab da ƙarewa. Gauraka da burtu kuwa, jikokinmu sai a tatsuniya.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda na gani a gonar gidanmu. Na ƙirga ɗorawa da kaɗanya da gawon da ke cikinta, duka na girme su da wayo ne kawai, su suka girme ni da shekaru. Na nemi ƙarami ko guda ɗaya wanda zai gaje su, ban samu ba. Suna zubar da 'ya'ya kamar kullum, suna tsirowa kamar kullum, amma garmar shanu da tarakta da awaki ba sa barin ko ɗaya ya kai shekara. Kaɗanya kuwa sai ta yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa. Laifin ba na kowa ba ne sai namu, har da ni da nake aika kuɗin huɗa daga birni ban taɓa cewa a bar mini tsiro ba. Allah ya ba su dabarar haye rani da wuta da fari, amma gatari da garma sai dai mutum ya tsare su daga gare su.

Maganin kuwa ba nisa gare shi ba. A ƙasar Maraɗi, inda a da mahara suke fito mana, tun daga 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassaben zamani, tare da wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo. Ba dashe ba ne. In kututture ya toho, sai a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a tsare su har su zama itace, tun da saiwar tana nan da ranta a ƙasa. Ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin kadada wajen miliyan 5 a kudancin Nijar, a ƙasar da ba ta kai tamu ruwa ba.

Kammalawa

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwa, kusan kowannenmu yana da gona a gida ko yana da ta cewa a gonar gado. In an zo sharar gona bana, a sa ido a bar tsiro ko da goma ne na gawo da ɗorawa da kaɗanya, a kafa musu alama, a gaya wa mai huɗa ya kauce musu. Ina kuma ba shugabannin ƙungiya shawara, in za mu yi dashe a harabar makarantarmu, kada mu tsaya ga darbejiya kaɗai, a haɗa da itatuwan ƙasar, a rubuta sunan kowanne da Hausa. Malaman da suke koyarwa yanzu kuma, don Allah a riƙa fita da yara zuwa fadama da bakin dam, domin gani ya kori ji. Ni dai curin laka guda ɗaya ya koya mini abin da har yau ban manta ba.

Da yawanmu ba za mu ci 'ya'yan kaɗanyar da za mu bari ba, kamar yadda waɗanda suka bar mana tamu ba duka suka ci ba. Allah ya saka musu da alheri, ya saka wa malamanmu, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu bar wa na baya abin da za su yi mana addu'a a kansa. Amin.